Maɗinkin da Ya Ɗora Gammo

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da keken ɗinki bai iso ƙasar nan ba, ana ce masa Sallau. Ku saurara, jama'a. Na baya ku matso, don labarin nan ya shafi duk mai ƙashin baya, kuma ban ga wanda ya baro nasa a gida ba.

Sallau maɗinki ne, mai aikin allura a kan babbar riga. Irin mutumin nan ne da za ka kai wa riga fara fat, ya zauna ya zuba mata zanen aska da tambari, har ka ji nauyin sa ta in ba ranar Juma'a ba. Bawan Allah ne, ba ruwansa da hayaniya. Ba ya rage zaren mutane, in ya yi saura sai ya naɗe ya miƙa wa mai shi tare da rigarsa. Tun yana saurayi yake zama a rumfar maɗinka da ke bakin masallacin unguwarsu, shi da abokan sana'a, kowa a kan tabarma, riga a cinya, kai a sunkuye. Haka suka tarar da iyayensu, haka su ma suka ɗora. A rumfar nan wanda ya fi sunkuyawa shi ake ce wa mai ƙwazo. In maɗinki ya ɗago kai, ko ya miƙe tsaye ba lokacin salla ba, sai a ce wane ya fara lalaci. Sallau kuwa babu wanda ya kai shi sunkuyo, saura kaɗan hancinsa ya taɓa rigar.

To, abin ya fara masa da wuya, ya gangaro kafaɗa, ya zo ya yi zamansa a ƙugu. Da farko in ya kwana sai ya sake shi. Daga baya ya daina saki. Shekara ta bi shekara, Sallau yana tafiya a duƙe, mutumin da ko furfura bai fara ba. Babu abin da bai gwada ba. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo. Matarsa Asabe ta dafa sassaƙe iri-iri, ta gasa masa bayan da ruwan zafi, ta shafa man shanu. Sai ciwon ya ɗan lafa kwana biyu, Sallau ya koma rumfa ya sunkuya, ciwo ya dawo ya ce ina nan.

Amma ba zafin ne ya fi damunsa ba. Ku ji abin da ya fi damunsa. Ya kai ga ba ya iya ruku'u, in ya duƙa ba ya ɗagowa sai an kama shi. Dole ya koma salla a zaune, can ƙarshen sahu, jikin bango. Liman ya sha gaya masa cewa addini bai takura kowa ba, sallar mai larura a zaune cikakkiya ce, ladansa na nan. Sallau ya yarda, kuma gaskiya ne. Amma duk sanda aka ta da iƙama, ya ga mutane sun miƙe kafaɗa da kafaɗa, shi kaɗai a ƙasa yana kallon gwiwoyinsu, sai baƙin ciki ya cika masa zuciya. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Abu ɗaya yake roƙo a kowace salla, Allah ya sake tsayar da shi a cikin sahu kafin ya koma gare shi.

Ana nan ana nan, ranar wata kasuwa sai ƙanwar kakarsa ta biyo ta gidan. Sunanta Tabawa, maginiyar tukwane ce a wani ƙauye da ke bayan rafi. Tsohuwa ce tukuf, haƙora duk sun yi ƙaura, amma ta shigo da kayan tukwane a ka, a miƙe kamar taɓarya. Kun san kaka da jika, babu kunya a tsakaninsu sai tsiya. Ta tarar da shi yana faman tashi daga tabarma don ya taya ta sauke kaya, yana dafa ƙasa, yana dafa bango, yana nishi.

Ta ce, "Kai mijin nawa, tsakanin ni da kai wane ne tsohon? In haka ka koma, gara ka sake ni in nemi saurayi."

Sallau ya yi dariya, dariyar ma ta ja masa ƙugu. Ya ce ta yi haƙuri ta zauna da shi a haka, don babu saurayin da zai kwashi amarya marar haƙori.

Da ta sha ruwa ta huta, Asabe ta fara lissafa mata magungunan da aka yi. Tsohuwa ba ta ko saurara ba. Ta ce ya ɗauko ɗinkinsa ya zauna yadda yake zama a rumfa. Ya ɗauko, ya zauna, ya sunkuya. Ta tashi ta zagaya shi, ta duba ta gaba, ta duba ta baya, ta girgiza kai.

Ta ce, "Kan nan naka ya kai ƙaramin tulu nauyi. Ni mai ɗaukar tulu na sani. In ya zauna daidai a tsakar ka, sai in wuni ina tafiya. In ya karkata gaba, kafin in ƙetare rafi wuyana ya gaya mini. Kai ka karkata naka tun kana yaro, ka bar ƙugu da riƙo. Ka riƙa kawo ɗinkin wurin ido, ka daina kai ido wurin ɗinki."

Ta ba shi labarin cewa ita ma ta sha wannan wahala tana budurwa, lokacin da take gini a ƙasa tana zagaya tukunya a duƙe, har sai da uwarta ta kifa turmi ta ɗora mata yumɓun a kai. Sai ta ninke buzu ta tura masa a ƙarƙashinsa don ƙugun ya ɗan ɗaga. Ta ɗora masa matashi a cinya, ta ɗora rigar a kan matashin. Sannan ta ɗauko gammon da take ɗaukar kaya da shi ta aza masa a ka, ta aza ƙwarya marar komai a kan gammon, ta ce to bismilla, ɗinka. Kafin ya soka allura ya zare, ƙwarya ta faɗo. Asabe ta shige madafa tana toshe baki da gefen zane.

Tsohuwa ta ce ƙwaryar nan ita ce za ta riƙa tuna masa, duk sanda ya sunkuya za ta faɗa masa gaskiya. Ta ƙara masa da cewa duk zaren da ya ƙare a allura, kada ya zura wani sai ya tashi tsaye. Ya tashi a hankali, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya juya kafaɗu baya, ya waiwaya dama ya waiwaya hagu, ya ja numfashi har cikinsa ya cika, hankalinsa yana kan abin da jikinsa ke ji. Inda ya ji zafi ya fara, nan zai tsaya. Ta ce ba kokawa ta aike shi ya yi da ciwon ba, lallashi ta aike shi. Ta bar masa gammon, ta naɗa wani da tsumma, ta ɗauki tukwanenta ta nufi kasuwa.

To a nan jarrabawa take, jama'a, ku saurara. Gammo kayan mata ne da 'yan dako. Ƙwarya a ka kuwa, masu tallar fura da nono aka sani da ita. Ga shi aikin Sallau a rumfa yake, a can haske yake, a can masu riguna ke samunsa. Asabe ta ba shi shawara ya riƙa yi a gida da safe kafin ya fita, in ya je rumfa ya zauna kamar kowa, kada a mai da mijinta abin dariya. Sallau shi ma kunyar yake ji. Amma ya san in ya miƙe da safe ya wuni a duƙe, kansa ya yaudara. Ya tambayi zuciyarsa, me kake so, sahu ko fuskar mutane? Washegari ya ɗauki buzunsa da matashinsa da gammo da ƙwarya, ya tafi rumfa.

Akwai wani a rumfar ana ce masa Jatau. Shi ma gwanin allura ne, amma bakinsa ya fi allurarsa tsini. Yana ganin Sallau ya zauna ya aza ƙwarya a ka, sai ya ajiye ɗinkinsa ya gyara zama.

Ya ce, "Sallau, yau fura ce ko nono? In da kindirmo a zuba mini."

Rumfa ta kwashe da dariya. Sallau ya yi murmushi ya ce yau dai bai dama ba, sai gobe. Suka tambaye shi wane malami ya ba shi wannan laƙani. Da ya ga dama sai ya ce wani sirri ne daga gabas, da sun yi tsit, har su fara girmama ƙwaryar. Amma bawan Allah ba ya ƙarya don ya kare fuskarsa. Ya ce kakarsa Tabawa mai tukwane ce ta koya masa, kuma babu wani sirri a ciki, zama ne kawai da tashi. Ai kuwa sai dariya ta ƙaru. Kafin azahar sunansa ya koma Sallau mai gammo.

Ƙwarya ta yi ta faɗowa. Ta faɗo a cinya, ta faɗo a kan maƙwabci, ta gangara har tsakiyar hanya, Sallau ya tashi a hankali ya bi ta ya ɗauko. Wata rana har akuya ta riga shi isa, ta sa baki tana neman dusa. In zare ya ƙare ya miƙe ya taka zuwa bakin rumfa yana juya kafaɗu, sai Jatau ya buga tafi ya ce a kira makaɗa, rawa ta tashi. Sallau ba dutse ba ne, abin yana yi masa zafi. Wani lokaci sai ya ji kamar ya jefar da ƙwaryar ya sunkuya ya huta da bakin mutane. Sai ya dubi ƙofar masallaci, ya mayar da ita kansa.

Abin bai tsaya ga dariya ba. Aikinsa ya rage sauri, don mai tashi-tashi ba zai kamo wanda ya dasa kai ba. Wani attajiri da ya ba shi riga ya zo dubawa, ya same shi da ƙwarya a ka, ya ce shi ba zai sa rigar da taɓaɓɓe ya ɗinka ba. A gaban kowa ya karɓe ta, aikin ya kai rabi, ya miƙa wa Jatau. Sallau ya naɗe sauran zaren ya ba Jatau, har ya nuna masa inda zanen askar zai lanƙwasa, don kada rigar mutum ta ɓaci. Da ya koma gida ya gaya wa Asabe, ita ce ta yi kuka, shi yana ba ta haƙuri.

Shi kansa ya yi nasa kuskuren. Da ya fara jin sauƙi, wuya ya saki, barci ya dawo, sai ɗoki ya kama shi. Wata safiya ya ce bari ya gwada ruku'u sosai, ya duƙa da ƙarfi. Ƙugu ya riƙe, aka kwantar da shi. Jatau ya aiko a gaishe shi, tare da tambayar ko furar ce ta zube. Ranar kasuwa Tabawa ta zo ta same shi a kwance, ta ce wa ya aike shi? Ta ce tukunyar da aka gina yau ba a sa ta a wuta yau, in an sa fashewa take yi. Ta sa shi ya tashi ta gefe, yana dafa ƙasa da hannu, ya koma farko. Ya riƙa duƙawa kaɗan-kaɗan, hannu a cinya, yau nan, gobe gaba da nan da ɗan yatsa.

Haka ya yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Ƙwarya ta rage faɗowa, har ta daina. Wata rana ya manta da ita a gida, ya wuni a rumfa, da yamma ya lura ashe bai sunkuya ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba. Yakan leƙo in an yi sanyi, ko in aiki ya yi yawa. Amma ya daina zama maigida. Mutane suka fara cewa Sallau ya ƙara tsawo. Asabe kuwa in ya fita sai ta leƙa ta zaure tana kallon tafiyarsa, daɗi ya kashe ta.

Ya fara gwada salla a tsaye a ɗakinsa, nafila, a natse. Da ya tabbata jikinsa zai ɗauka, sai ya gaya wa liman cewa in Allah ya yarda yau da la'asar zai tsaya. Liman ya yi murna ƙwarai, ya ce a bar masa wuri a sahun gaba, daidai bayansa. Sallau ya yi alwala. Ya shiga masallaci, aka buɗa masa hanya, ya isa wurin da aka tanadar masa.

Ana shirin ta da iƙama sai ga Jatau ya shigo yana bin bango. Tun da ya haɗa rigunansa da ta attajirin yake wuni a duƙe ba ɗagowa, ranar nan kuwa ya zo tashi daga tabarma, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Ya lallaɓa ya zauna a ƙarshen sahu, jikin bango, ya sunkuyar da kai, wannan karon don kunya. Masallaci ne, amma aka ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wasu suka juyo suna kallon Sallau, suna jiran su ga fuskarsa.

Ku ji abin da bawan Allah ya yi. Ya dubi wurin nan na bayan liman, wurin da ya daɗe yana mafarki. Ya dubi Jatau. Sai ya taɓa kafaɗar na kusa da shi ya ce ya matso ya cike gurbin. Ya taka a hankali har ƙarshen sahu, ya tsaya daf da Jatau, ya kare shi daga idon mutane da jikinsa.

Aka yi kabbara. Sallau ya ɗaga hannu yana tsaye a kan ƙafafunsa, kafaɗarsa ta taɓa kafaɗar ɗan'uwansa musulmi. Liman ya yi ruku'u, Sallau ya duƙa, bayansa ya shimfiɗu. Liman ya ɗago, Sallau ya ɗago, babu wanda ya kama shi. Farin ciki ya cika shi har hawaye suka jiƙa masa gemu, yana godiya ga Ubangijinsa a kowace raka'a.

Da aka sallame, mutane suka yo kansa da barka, yana amsawa yana dariya. Da suka watse sai ya tsuguna ya sa hannu zai ta da Jatau. Jatau ya kasa haɗa ido da shi.

Ya ce, "Malam Sallau, ka rama mana. In ka rama zan fi jin sauƙi."

Sallau ya ce, "Na daɗe a wurin nan da kake zaune, na san yadda yake. Juya ta gefe, ka dafa ƙasa, kada ka yi sauri."

Da suka fito Jatau yana rataye da kafaɗarsa, sai ya ce da murya ƙasa-ƙasa yana so a koya masa. Sallau ya ce gobe da hantsi zai zo har gidansa, su shiga zaure su rufe ƙofa, babu wanda zai gani balle ya yi dariya.

Jatau ya ce, "A'a. A rumfa za ka koya mini. A can na yi dariyar."

To, 'yan'uwa, kun ji labarin. Jikin nan amana ce, Allah ne ya ba mu, kuma da shi muke tsayawa a gabansa. Sallau ya roƙi Allah, sannan ya karɓi sababin da Allah ya aiko masa, ko da ta hannun tsohuwa mai tukwane ya zo, ko da ya zo da dariyar mutane a bayansa. Da girman kai ya hana shi, da ya mutu a jikin bango da mutuncinsa a cikin aljihu.

Mu fa? Ga tela a kan keke tun safe, ga mai babur ya yi doro a kan hanya, ga ma'aikaci ya narke a kujera, ga uwa tana wanki a duƙe har rana ta take. Ga kuma wayar nan da ta sunkuyar da yaro da babba, har maɗinkan rumfar Sallau za su ce mun fi su ƙwazo. Kai da kake kukan baya, ɗago kanka, kawo aikin wurin ido. In ka gama wani yanki, tashi ka taka, ka juya kafaɗa, ka ja numfashi, ka saurari jikinka. Kada ka yi masa dole, lallashi yake so. In ciwon ya yi tsanani ko ya ƙi sauƙi, je asibiti a duba ka, neman magani ba rashin tawakkali ba ne. In abokan aiki sun yi dariya don ka miƙe kana juya wuya, bar su su yi, ba su za su kwana da ƙugunka ba.

Amma abin da nake so ku tafi da shi gida ya fi wannan. Kowa a cikinmu yana da wanda ya taɓa yi masa dariya lokacin da yake ƙasa. Wata rana Allah zai ɗaga ka, ka waiwaya ka ga mutumin nan a zaune a jikin bango, jama'a suna jiran ka yi magana. Ranar nan, bar sahun gaba ka je ka tsaya kusa da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsayar da mu a gabansa da jiki mai ƙarfi da zuciya marar ƙulli. Ku tashi a hankali, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu.